Me za mu kira "text editor" da Hausa?

1/ Jiya ina rubuta wa wani ƙanena bayanin yadda zai tayar da tsohuwar kwamfuta mai Windows XP don ya fara koyon rubuta manhaja, sai alƙalamina ya cije a kalmomi biyu: "install" da "text editor". Ku matso mu warware.

2/ Ta farkon ba ta da wuya. Mun riga mun saba da "sauke" ga abin da aka jawo daga intanet, da "ɗora" ga wanda aka tura can. "Saka" kuwa ta cika yawo, komai saka shi ake yi. Ni dai "girka" na zaɓa. Abin da aka girka an ba shi mazauni ne, ya zauna daram yana jiran aiki, kamar yadda ake cewa an girke jami'an tsaro a wuri. Ka sauke, ka girka, sannan ka buɗe.

3/ Bambancin yana fitowa sarai a tsohuwar na'ura. XP ta fito a 2001, Microsoft ta daina kula da ita a 2014. Notepad++ wani "text editor" ne, kuma na ƙarshe da ke tafiya a kanta shi ne mai lamba 7.9.2. Idan aka ɗauko sabo zai sauku lafiya lau, amma ba zai yi aiki ba. Ga kuma irin wanda ba ya buƙatar girkawa sam, daga filashi ake buɗe shi. Da "saka" muka riƙe, da duk wannan bayani ya cakuɗe.

4/ Ta biyun ce mai ƙashi. Wani ya ce a bar ta "edita". Ina! Bahaushe na jin edita, mutum zai hango a gidan jarida da jan biro a hannu. "Tace rubutu" ma ba ta yi ba, don tacewa cire abin da ba a so ne, shi kuwa wannan har sabon rubutu ake ƙirƙira a cikinsa.

5/ Sai mu duba aikinsa. Microsoft Word yana adana rubutu da kwalliyarsa: girman harafi, launi, hotuna. Shi kuwa "text editor" haruffa kawai yake adanawa, ba ado ba komai, shi ya sa masu rubuta manhaja ba sa rabuwa da shi, kuma shi ya sa ba ya yi wa tsohuwar kwamfuta nauyi. Ga misalai biyu na irinsa: Bill Joy ya rubuta vi tun 1976, Bram Moolenaar ya fitar da Vim a 1991, har gobe ana aiki da su. Wato abin da suke sarrafawa "rubutu zalla" ne.

6/ Na so ƙwarai mu bi sahun mabuɗi, madubi da magogi mu ce "magyarin rubutu". Ya yi daɗi a baki. Matsalar, a rubuce ba a nuna karin sauti, sai mai karatu ya ɗauka mutum ne mai gyara, kamar marubuci.

7/ Don haka ga inda na tsaya: a ambaton farko a ce "manhajar gyaran rubutu zalla", daga nan a taƙaita zuwa "magyarin rubutu", tunda an riga an san ba mutum ake nufi ba. Abin da na tura wa ƙanen nawa ke nan: "Ka sauke magyarin rubutu na Notepad++ mai lamba 7.9.2, na bit 32, ka girka shi." Bai sake tambaya ba, sai hoton allon kwamfutar da ya turo.