Gugar yadin gangar ƙaramin jirgin sama: wa ya taɓa yi da hannunsa?

Mai Kitfox, Minisota:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Gangar jirgina samfurin Kitfox mai kujera biyu ta sha fentin hana tsatsa, na liƙa mata yadin Poly-Fiber da ake rufe jirgi da shi, ƙasa tukuna sannan gefe da gefe, na bar gam ya kwana. Saura guga. Yanzu yadin a sake yake kamar an sa wa yaro rigar babansa, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake, don kuɗin da na zuba ba kaɗan ba ne. Wanda ya taɓa yi ya gaya mini abin da ya gani.

Baba Injiniya:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin dutsen guga ya taɓa yadin nan, ka fara auna dutsen kansa. Lambobin da ke jikin maɓallinsa don riga da wando aka yi su. Ni nawa, inda na zaci digiri 250 ne, da na ɗora ma'aunin zafi a tafinsa sai na ga ya kusa 300. Na manna takarda a kewayen maɓallin, na zauna yini guda ina jiran zafi ya tsaya, na sa alama uku: 225, 250, 350, duk a ma'aunin Faranhait. A Salsiyas wajen 107, 121 da 177 ke nan.

Dalili shi ne yadin foliyesta ne, zafi ke tsuke zarensa. A 250 yakan tsuke wajen kashi 5 cikin ɗari, a 350 wajen kashi 10, nan ne iyakarsa. Ka haura 375, zaren ya fara saki, sakin da ba ya gyaruwa. Ka wuce 400 da kaɗan, narkewa zai yi. Abin takaicin, wanda ya ga yadi ya saki yakan ɗauka zafi ne bai isa ba, sai ya ƙara. Ka bi gangar duka a 250, ka huta, sannan ka sake zagayowa a 350. Kada ka sayi dutsen da ke kashe kansa idan an ajiye shi, kuma wayar lantarkin da ka jona shi lokacin awo, da ita za ka yi aikin.

Abu Walda:
Gaskiya Baba ya faɗa. Ni gaggawa ce ta ci ni. Nawa jirgin mai kujera ɗaya ne, bututunsa sirara. Na gama gefen dama kaf har 350 kafin in taɓa hagu. Da na ja baya na hango shi daga wutsiya, dogon bututun sama ya lotsa tsakanin kowace mahaɗa biyu. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Yadin nan jansa ya fi ƙarfin yadda ido ke gani. Na yage na sake, wannan karon fili ɗaya a dama, takwaransa a hagu, kuma ban kai 350 ba saboda ƙarfen ba zai ɗauka ba. Malam, ka duba abin da masu zanen jirginka suka ce game da zafin ƙarshe.

Maman Hanifa:
Ni tela ce, maigida ne mai jirgin, amma gugar ni na yi. Abin da ya ba ni wuya shi ne kwanar wajen wutsiya. A nan ƙaramin dutse a 225 ya fi, kina ja kina lallashin yadin har ya bi ƙarfen kafin gam. Kada dutse mai zafin 350 ya hau inda aka liƙa, gam ɗin zai yi laushi haɗin ya zame. Haka kintinkirin da ake rufe haɗi da shi, mai baki kamar haƙorin zarto, ya wuce 225 sai ya tsuke ya karkace. Na ɓata biyu kafin in gane.

Ɗan Laifzig:
Mu nan Jamus na yi da yadin Oratex, wanda ke zuwa da launinsa, ba fenti ba wari, kuma an yarda a yi masa da na'urar hura iska mai zafi. Kada wani ya ga haka ya kai ta kan Poly-Fiber ko takwaransa yadin Ceconite, don ba ka san zafin da ke sauka a yadin ba.

Baba Injiniya:
Ƙari ɗaya, ɗana. Bayan guga akwai Poly-Brush, ruwan da ake shafawa ya toshe saƙar yadin, akwai fentin azurfa mai garin alminiyam da ke kare yadin daga rana, don rana ce ke cinye foliyesta. Ka haska fitila daga ciki, in haske ya ratso bai isa ba. Ka sa takunkumi mai matatar sinadari ka buɗe ƙofar gareji, ko da sanyin Minisota.

Mai Kitfox, Minisota:
Allah ya saka da alheri Baba, da ku duka. Na auna dutsena daren jiya, ya zarce da digiri 30. Yau na yi zagayen 250, dama da hagu. Na ƙwanƙwasa da yatsa, ya fara amsawa kamar ganga. Zagayen ƙarshe sai Asabar in Allah ya kai mu.