Da wane kayan aiki bokayen fada za su buga hatimi a labarin almara?

Ɗan_Garwa:
Salamu alaikum. Ina rubuta labarin wata masarauta a bakin tafki, inda bokayen fada ke ba kowane mayaƙi hatimin tsari. Rubutun hannu ba zai ishi mayaƙa dubu ba. Da me za su riƙa bugawa, yadda mai karatu zai gamsu?

Malam_na_Marwa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. A kan me za a buga? Nan ne maganar take. In takarda ce, ɓallin ƙwarya mai kauri ya isa, irin wanda mutanen Gana ke buga alamominsu na ado, wato adinkira, da shi a zane. Sai dai ƙwarya ba ta riƙe siririn layi, karyewa yake. Hatimi mai gidaje da haruffa sai itace mai tsauri, kanya ko aduwa da ake sassaƙa allo da ita. A bari ya bushe sarai, ɗanye tsagewa yake. Kuma a sassaƙa a juye. Hatimi mai gida 9, wato 4-9-2, 3-5-7, 8-1-6, ko an juya shi kowane layi 15 zai bayar, lissafi ba zai tona kuskuren ba, sai haruffan da suka juya baya.

Tawada kuwa, cokali 1 na kunkunniya, cokali 2 na jiƙaƙƙen ƙaro, a dama ta fi ta allo kauri. Kada a tsoma tambarin a ciki, ramukan za su cike. A jiƙa tsumma a dangwala.

Maƙerin_Kusiri:
Malam ya yi daidai, amma mayaƙi ba ya yawo da takarda cikin damina. Fata ce ta dace, ita kuwa sai tambarin tagulla. Ka dubi yadda mutanen Kotoko na bakin kogunan Logon da Shari, a yankin tafkin Chadi, ke zuba 'yan dawakansu na tagulla. A zana hatimin a kakin zuma, a shafe shi da laka mai laushi ƙwarai, sannan a lulluɓe da yumɓu gauraye da kashin jaki. A gasa, kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar tagulla. In yumɓun bai bushe ba tururi zai fasa shi. In ba a bar ƙofar iska ba, kusurwoyin hatimin ba za su cika ba.

Ga abin da zai yi maka amfani a labarin: tagulla tana tsukewa in ta huce, wajen kashi 1 da rabi cikin 100. Duk wanda ya kwafi tambarin sarki daga bugunsa, nasa zai fito ƙarami kaɗan, layukan sun dakushe. Kwafin kwafi ya fi muni. Da zare kawai bokan fada zai auna ya kama na jabu.

Hajiya_Njamena:
A ƙara da wannan, ɗana. Tawadar ƙaro ba ta kama tagulla, taruwa take ɗigo-ɗigo, don haka kada ka haɗa su a labarinka. A fata ma ba a bukatarta. Dukawa sukan ɗan jiƙa fatar da aka jeme da bagaruwa, su jira launinta ya fara dawowa, su ɗora ta a kan dutse mai santsi, sai guduma sau ɗaya. Bugu na biyu inuwa yake haifarwa, hatimi ya zama biyu. Fatar da ta jiƙe sharkaf kuma tasowa take, zanen ya shafe kafin ta bushe.