Injin ya ce in kai doki gefe, ni kuma ban ga dalili ba

DanKawo:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu buga ches ku taimaka min. Ina bugawa a Lichess, shafin buga ches a intanet, in an gama sai in danna wajen da kwamfuta ke duba wasan, ta zubo min alamomin ? da ?? da lambobi irin su +0.8 ko -2, gani dai nake amma wlh ban san me zan yi da su ba. Misali ni ke da baƙi (a rubutun ches, irin su e4 sunan gida ne a allo, N doki, B bishof, Q sarauniya, x kuma ci), aka yi e4 e5, Nf3 Nc6, Bc4 Nf6, ya kawo doki g5, na tura d5 ya ci, na rama da doki Nxd5, sai injin, wato kwamfutar, ya ce wai Na5, kai ɗayan dokin gefe, ya fi. Mu an koya mana ba a kai doki gefen allo, ga shi kuma soja ɗaya ya tafi a banza. Ya abin yake ne?

MalamBarnawa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Lambar mai sauƙi ce, in da + fari ke gaba, in da - baƙi ke gaba, kuma 1 kusan darajar soja ɗaya ne. In ka ga # da lamba, kisan sarki ne ke tafe cikin wannan adadin motsi.

Shi kuma Nxd5 ɗin, koma ka sake bugawa ka ga amsar da injin zai ba fari. Nxf7 zai yi, doki ya kama sarauniyarka da ruk lokaci guda, dole sarkinka ya ci shi, sai Qf3 da cek, wato hari kan sarki, in kana so ka tsare dokinka na d5 sai dai sarki ya fito e6, ya ƙara da Nc3, kaga sarkinka a tsakiyar fili tun wasa bai je ko'ina ba kowa na harbinsa. Na5 kuwa bishof ɗin c4 yake kora, wanda shi ne ke sa ido kan f7. Sai Bb5 cek, c6, ya ci ka ci, bishof ya ja baya, ka tura h6 ka kori dokin. E kana bin bashin soja ɗaya, amma kayansa komawa gida suke naka na fitowa. Dokar kar a kai doki gefe gaskiya ce, sai dai tsaron sarki yana gabanta.

YarMalali:
Yaya DanKawo ni shawarata kar ka fara kunna injin. Ka bi wasan da kanka tukun, ka nuna inda kake jin nan abin ya lalace, sannan ka kunna ka gwada naka da nashi. Kuma ka rabu da bambancin 0.2 da 0.3, a matakinmu ba shi ke kayar da mutum ba, ?? ɗin nan, wato manyan kurakurai, su za ka zauna a kai. Akwai wajen koyo daga kurakurai a Lichess, yana ɓoye amsar ya ce ka sake nema. In a waya ne ka ɗan ba shi lokaci, lambar farko takan canza in ya ƙara zurfi.

NaTudunWada:
Duk na yarda, amma ku tuna injin ba mutum ba ne. Tun 1997 injin Deep Blue ya doke Kasparov, zakaran duniya na lokacin, injin Stockfish na yanzu kuwa ko gwani irin Magnus Carlsen ba ya ja da shi, to wani motsin da yake so sai ka bi shi da motsi goma babu kuskure kafin ya biya, kai kuma ba za ka iya ba, gara wanda ka san dalilinsa ko da lambarsa ta ɗan yi ƙasa. Ni na fi ƙaruwa in mun gama a kan allo mu zauna da abokin karawar yana gaya min abin da yake tsoro da abin da ya shirya, kamar yadda 'yan dara ke yi a gindin bishiya. Kuma dan Allah kar kowa ya buɗe injin ana cikin wasa, cuta ce, suna rufe akawun a kan haka.

DanKawo:
Allah ya saka da alheri, Malam na buga Nxf7 ɗin na gani da idona, lallai sarkin yana shan wuya. To bayan h6 in dokinsa ya koma f3 fa?

MalamBarnawa:
Tura e4 ka sake korarsa, in ya shiga e5 ka kawo bishof d6. Amma kar ka haddace, jera shi a allo ka buga ɓangaren fari ma ka ji yadda yake matsewa.