Yaya zan koya wa yarana ma'anar Kirsimeti, alhali hankalinsu na kan sababbin kaya?

Maman 'Yan Biyu, Sabon Tasha, Kaduna:

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Iyaye da malaman Makarantar Lahadi, shawararku nake nema. Yaya kuke koya wa yara ƙanana abin da Kirsimeti yake nufi har ya zauna musu a zuciya? Yarana uku ne, babbar shekararta 12, sai tagwaye maza masu shekara 7. In ka tambaye su mene ne Kirsimeti, baki ɗaya za su amsa maka cewa ranar haihuwar Yesu ce, domin haka aka koya musu su faɗa. Amma ka kasa kunne ga hirarsu tun daga tsakiyar Nuwamba: wane yadi za a saya, wa zai samu takalmi mai fitila, kaji nawa za a yanka, wa zai sayo banga.

Bana kuwa abubuwa sun yi mana nauyi. Maigidana malamin firamare ne, ni ina sayar da kayan miya a bakin titi, ga kuɗin makarantar Janairu yana jiran mu. Mun shiga watandar saniya a unguwa, kashi ɗaya, wannan kam an biya. Kayan sawa ne ban ga hanyarsu ba. Da na fara lallashinsu a kan haka, sai ɗaya daga cikin tagwayen ya ce in babu sababbin kaya shi ba zai je coci ranar ba, yara za su yi masa dariya. Maganar ta tsaya mini a rai.

Ita kuma babbar ta dawo da tata daga makaranta: wai wata a ajinsu ta ce ba ranar 25 ga Disamba aka haifi Yesu ba, Turawa ne suka ƙago. Na ce ta bari zan tambayi waɗanda suka fi ni sani.

Malamin Makarantar Lahadi, Bukuru:

Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Bari in fara da tambayar yarinyar, ita ce mai sauƙi. Ki faɗa mata gaskiya: Littafi Mai Tsarki bai ambaci rana ko wata ba. Ikkilisiya ce ta keɓe ranar, kuma ba jiya ba ne, domin akwai rubutun da ya nuna Kiristocin Roma suna bikin a 25 ga Disamba tun shekara ta 336. 'Yan'uwanmu na Habasha da Kibɗawan Masar sai 7 ga Janairu suke nasu, saboda tsohuwar kalandar da suke bi. Abin da muke tunawa shi ne an haife shi, Allah ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Kada ki nuna mata kamar tambayar laifi ce. Yarinya 'yar shekara 12 in ta ga an ɓoye mata abu ɗaya, sai ta fara zargin sauran.

Game da tagwaye, shawarata ki daina ba su labarin a taƙaice. Mun saba tsayawa a kan komin dabbobi da waƙar mala'iku, sai mu rufe littafi. Ki ɗauki Luka sura 2, ki raba ta dare-dare bayan tuwo, ki wuce aya ta 20. A aya ta 21 za ki ga a rana ta takwas aka yi masa kaciya aka raɗa masa suna. Da kwana arba'in suka cika, Yusufu da Maryamu suka kai shi Haikali a Urushalima, aya ta 24 kuma ta faɗi abin da suka kai na hadaya: kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu. To ki buɗe Littafin Firistoci 12. Abin da Shari'a ta ce mai jego ta kawo shi ne ɗan rago bana ɗaya tare da tsuntsu guda. Sai aya ta 8 ta ce wadda ba ta da halin rago ta kawo tsuntsaye biyu. Wato iyayen Ubangijinmu a layin marasa hali suka tsaya ranar. Yaranmu sun san gidan da aka yi haihuwa aka kasa sayen ragon suna, sun san yadda unguwa take kallon gidan. Ki tambaye su kawai, me ya sa Allah ya zaɓi irin wannan gida? Kada ki ba su amsa, ki bar su su yi ta gardama. A ajina wani yaro ya ce don kada masu gadi su hana makiyaya shiga. Na ga wa'azin da bai kai wannan ba.

Tunda maganar ta zo, mu malamai ma muna da gyara a wasan kwaikwayonmu. Kowace shekara sai mu jera sarakuna uku a bakin komi tare da makiyaya. Matiyu sura 2 ba ta ce su uku ne ba, ba ta ce sarakuna ne ba. Kyautai ne uku, zinariya da lubban da mur, kuma a cikin gida suka sami yaron. Jakin nan ma da muke ɗora Maryamu a kai, Luka bai ambace shi ba.

Tela a Kafanchan:

Malam ya yi magana mai kyau, amma Anti, kada a mai da sabon kaya kamar zunubi. Ni a shago nake kwana daga farkon Disamba, na san fuskar yaro in aka miƙa masa rigarsa da ƙamshin guga. Mu ma da muna yara sau ɗaya ake mana ɗinki a shekara, kuma a ranar muka gane cewa wannan rana ta fi sauran. Yaro ɗan shekara 7 da ido yake fara fahimta. Dariyar da yake tsoro kuma gaskiya ce, yara ba su da tausayi a wannan fanni.

Abin da ba na so shi ne bashi. Ina ganin mata suna cin bashin leshi a Disamba, Janairu ta zo a koro yara daga makaranta. Ki buɗe akwatinki. Babu 'yar Zumuntar Mata da ba ta da atamfar anko da ta ɗaura sau biyu ta ajiye. Zane ɗaya mai yadi biyu yana fitar wa tagwaye riguna masu gajeren hannu in tela ya iya yanka, su sa da baƙin wandon da suke da shi ko na gwanjo mai kyau. Kuɗin ɗinki kawai za ki biya. Sai dai ki kai da wuri. Duk telan da ya karɓi kayanki bayan 15 ga wata ya ce miki kada ki damu, to ki fara damuwa.

Kakar Yara, Yola:

'Yata, Allah ya ba ki hikima. Ni 'yar Michika ce, 'yar cocin EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A Satumban 2014 muka gudu daga 'yan Boko Haram da abin da ke jikinmu, ta kan duwatsu, da jikoki a hannu. Da Mubi ma ta faɗi a ƙarshen Oktoba sai Yola ta cika maƙil. Kirsimetin shekarar a harabar wata coci muka yi shi, a kan tabarma, ga sanyin hunturu. Shinkafa a babbar tukunya aka dafa, kowa ya miƙa kwanonsa. Faston da ya yi wa'azi bai karanta labarin makiyaya ba. Matiyu 2 ya buɗe daga aya ta 13, inda mala'ika ya ce wa Yusufu ya tashi ya ɗauki yaron da uwarsa su gudu Masar, ya kuwa tashi da dare. Na sha jin wurin nan tun ina budurwa, amma ranar mata kuka suka yi ta yi. Jikana ya tambaye ni ko su Yesu ma sun bar awakinsu a baya.

Ba ina cewa ki tsorata yara da labarin Hirudus, sarkin da ya nemi kashe yaron, ba, ki faɗa daidai shekarunsu. Amma kada ki cire shi. Sannan ki ba su aiki. In an raba naman watanda, ki cire kason wani kafin ki ɗora tukunya, kuma su yaran su zaɓi wanda za a kai wa, gwauruwa ko mara lafiya. Su za su ɗauka da hannunsu. Maƙwabtanku Musulmi da ke aiko muku da naman layya, su ma kada a manta da kwanonsu.

Maman 'Yan Biyu, Sabon Tasha, Kaduna:

Na gode ƙwarai, Allah ya sāka. Mama, na karanta wa maigida naki, ya daɗe bai ce komai ba. Mai ɗinki, na sami ankon taron mata na bara, gobe zan kai. Babbar ta karɓi amsar Malam, har ta ce za ta je ta faɗa wa ƙawar tata batun Habasha.

Mun fara karatun, kuma baban ya ce ranar jajibere su yi wasan a tsakar gida, da 'yartsana a cikin kwali. To Malam, ga sabuwar matsala. Babbar ta ɗauki Maryamu, amma tagwaye dukansu Hirudus suke so, saboda shi ne mai hular sarauta da takobi. Babu mai son Yusufu, wai shi ba ya magana.

Malamin Makarantar Lahadi, Bukuru:

Sun lura da kyau, babu inda aka rubuta kalma ɗaya daga bakin Yusufu a cikin Linjila. Ki sa babansu ya zama Hirudus, muryarsa ta fi dacewa. Ɗaya ya zama Yusufu ki ba shi sanda da fitila, ɗayan ya zama mala'ikan da ke tashe shi daga barci, ki ce ya ɗaga murya yadda yake so.