Yaƙi da Teɓa: Ya Taimake Ku ko Ya Cutar da Ku?

Malama daga Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina lura da cewa kusan duk wanda ya tashi rage ƙiba a garin nan namu na Zariya da harshen mayaƙa yake magana. Mace za ta ce ta ɗaura ɗamarar yaƙi da teɓa, namiji ya ce sai ya ga bayan tumbinsa, masu tallar shayin rage ƙiba a Facebook da WhatsApp kuwa ba su da wata kalma sai ƙonewa da murƙushewa da fatattaka, har an wayi gari shinkafa da mai da sukari sun zama abokan gaba, wanda ya ci waina a gidan biki kuma ya dawo yana cewa an ci shi da yaƙi. Ba ina raina matsalar ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana ɗauke da ƙibar da ta wuce kima, kuma mu ma muna ganin yadda hawan jini da ciwon sukari suke kwantar da iyayenmu. Abin da nake so in ji daga bakin waɗanda suka gwada da kansu shi ne ko wannan salon magana ya ƙarfafa musu gwiwa, ko kuwa ya bar su da wani ciwon dabam. A ganina yana tayar da mutum da sauri amma ba ya kai shi nesa, sai dai na fi son jin naku.

Uwargida daga Sabon Gari

Wa alaikumus salam Malama, kin taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ƙibata ta samo asali ne daga jego. Kowace mace a nan ta san yadda ake yi wa mai jego har ta yi arba'in: kunun kanwa da safe, gasasshen nama da yaji, tuwo mai zafi da dare, kuma duk wanda ya shigo barka sai ya ce jego ya karɓe ni, na murje, na yi kyau. Surukata, Allah ya saka mata da alheri, alfahari take yi da jikina a gaban dangi, domin a wurinta shaida ce cewa ɗanta yana riƙe da ni da kyau. Sai da likita ya auna jinina ya ga ya hau, ya ce in rage nauyi, sannan na shiga wata ƙungiyar mata da shugabarta take kiranmu dakaru. Kowane ƙarshen mako sai kowa ta hau sikeli ta faɗi abin da ya nuna, wadda ta ragu a yi mata kirari, wadda ta ƙaru a ce ta bari maƙiyi ya shigo mata ta bayan gida.

A watannin farko na ragu ƙwarai, ba zan ɓoye wannan ba. Amma abin da ya biyo baya shi ne na fara kallon kwanon da surukata ta aiko mini da shi kamar hari aka kawo mini, alhali kuwa tsohuwar nan da hannunta ta tsinke yakuwa ta yi mini fate don ta san ina so. Ranar sunan 'yar ƙanwar maigidana na ƙi taɓa komai, kuma kun san a gidan Bahaushe mayar da abinci ba ƙaramin abu ba ne. Har aka fara raɗe-raɗin ko ƙyamarsu nake yi, ko kuwa ina zargin za a sa mini wani abu a ciki. Ga shi da rana ina ta jarunta, da dare kuma idan yara sun yi barci yunwa ta tashe ni in buɗe tukunya a tsaye in ci fiye da abin da na ƙi da rana, sannan in kwanta ina jin kaina kamar maci amana. Duk wanda ya ce yana yaƙi dole ya nemo maƙiyi, ni kuwa da na duba sai na ga waɗanda suke gabana su ne cikina da surukata. Na bar ƙungiyar. Yanzu ƙaramin kwano nake zubawa, na daina lemon kwalba, muna taka ƙafa da maƙwabciyata bayan sallar asuba, idan an aiko da abinci kuma in ci kaɗan in yi godiya. Raguwar a hankali take, amma jinin ya sauka.

Tsohon soja daga Wusasa

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, na ji bayaninki kuma ban musa ko ɗaya ba, amma ni labarina ya bambanta. A Defo, makarantar kuratan soja ta nan Zariya, aka horar da ni, kuma duk tsawon aikina ban san tumbi ba sai da na ajiye kaki na koma zaman majalisa, shayi mai sukari safe da yamma, tsire da dare. Da aka ce mini sukarina ya hau, 'ya'yana suka yi ta lallashina da cewa in riƙa kula da kaina, maganar ba ta shiga kunnena ba ko kaɗan. Ranar da wani abokin aikina na da ya ce mini, “Oga, abokin gaba ya shigo bariki kana barci,” ranar na miƙe. Mutum irina da wannan harshen aka raine shi, da shi kuma yake jin kira.

Inda nake ganin farar hula suke kuskure shi ne ba su san yaƙi ba sai a fim, saboda haka a wurinsu yaƙi hari ne kawai da ihu. Wanda ya je fagen daga ya san cewa mafi yawan aikin shiri ne da guzuri da jira da sanin ƙasa, kuma babu kwamandan da yake da hankali da zai hana dakarunsa abinci sannan ya tura su gaba. Ja da baya ma dabara ce da ake koyarwa, ba abin kunya ba ne. Ni jikina ba maƙiyina ba ne, shi ne sojan da nake da shi guda ɗaya tilo. Maƙiyin shi ne zaman banza da cokalin sukari na uku. Nakan taka zuwa gindin dutsen Kufena in dawo kafin rana ta yi zafi, kuma idan na yi baƙi na ci abin da bai kamata ba, washegari in koma bakin aiki ba tare da na kafa wa kaina kotun soja ba.

Ɗaliba daga Samaru

Baba, Allah ya ja kwana. A ɗakin kwananmu na ɗalibai kashi biyu muke: masu neman ragewa da masu neman ƙaruwa, musamman waɗanda bikinsu ya matso suke shan magungunan ƙiba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne masu neman ƙaruwa ba su taɓa cewa yaƙi suke yi da rama ba, gyaran jiki suke kiran abin, da fara'arsu, ko da yake wasu magungunan da suke sha ba tare da izinin likita ba suna da haɗari ƙwarai. Mu masu ragewa ne kaɗai muke magana da haushi. A lokacin da nake cikin wannan hali, idan cikina ya yi ƙugi murna nake yi, ina cewa maƙiyi ne yake kuka, har ranar da jiri ya ɗebe ni a ɗakin karatu ana tsakiyar jarrabawa, ƙawayena suka riƙe ni.

Ma'aikaciyar jinya daga Kwangila

Ƙanwata, sannu, kuma ina roƙonki idan wannan murnar jin yunwa ta sake dawo miki ki nemi likita, domin alama ce da ba ma wasa da ita. Abin da na fi gani a wurin aiki shi ne ɓacewar marasa lafiya. Mutum zai zo da zafinsa ya ce ya shelanta yaƙi, ya ragu cikin wata biyu ko uku, mu yi ta yaba masa, daga nan sai mu daina ganinsa. Idan aka yi sa'a ya dawo bayan shekara, nauyin ya koma inda yake ko ya zarce, sukarin ya hau, kuma idan na tambaye shi me ya hana shi zuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce kunya yake ji domin ya sha kaye. Kunyar nan ta fi kitsen yi masa illa, saboda ita ce ta raba shi da maganinsa da awonsa.

Gaskiyar da masu talla ba sa faɗa ita ce dawowar nauyi ba ragwanci ba ne kawai, aikin jiki ne. A 1994 masana a Amurka suka gano sinadarin leptin, wanda kitse yake fitarwa ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. A 1999 kuma masana a Japan suka gano ghrelin, wanda ciki yake fitarwa ya tayar da yunwa. Idan mutum ya rame da sauri, na farkon yakan ragu, na biyun ya ƙaru, jiki kuma ya rage yawan ƙarfin da yake ƙonawa, domin shi a ganinsa fari aka shiga, yana ƙoƙarin ceton mai shi ne. Wani bincike da aka buga a 2016 ya bi mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba a wani shirin talabijin na Amurka, aka tarar bayan shekara shida 13 daga cikinsu nauyi ya dawo musu, wasu ma sun wuce inda suka faro. A ɗaya ɓangaren kuma, babban binciken rigakafin ciwon sukari da aka fitar da sakamakonsa a 2002, mai mutum fiye da 3,000, bai nemi kowa ya murƙushe komai ba: an nemi rukuni ɗaya daga cikinsu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyi, su motsa jiki minti 150 a mako, kuma haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100. Mai kilo 100 ke nan ya sauke 7. A harshen yaƙi wannan ba nasara ba ce, tunda tumbin yana nan ana ganinsa, amma a takardar awon jini babbar riba ce. Shi ya sa na daina tambayar mutane ko sun ci galaba. Nakan tambaye su me suka iya riƙewa tun zuwansu na baya. Na yarda da Baba cewa akwai waɗanda kalmar take tayarwa, sai dai a cikin waɗanda nake gani, masu fahimtarta irin tasa ba su da yawa.

Malamin makaranta mai ritaya daga Ƙofar Doka

Jama'a, barkanmu da wannan zance. Mu Zage-zagi ba baƙin wannan kalma ba ne. A farkon shekarun 1950 aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, kuma a nan Zariya hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, da kamfanin Gaskiya suka riƙa buga littattafan da manya suka koyi karatu da su. Mahaifina yana cikin waɗanda suka amfana. A 1984 kuma gwamnatin soja ta kawo Yaƙi da Rashin Ɗa'a. Na farkon ya dace da sunansa domin wanda ya iya karatu ya iya ke nan, jahilcin ba ya dawowa da daddare. Na biyun kuwa kowa ya ga yadda layin da aka koya mana bi ya watse da aka janye bulala. To rage ƙiba ya fi kama da na biyun, kuma ni shaida ne, domin duk lokacin da na ɗauki abin da zafi na kafa wa kaina dokoki masu tsanani, da zarar azumi ko bikin wani jika ya gitta sai ginin ya rushe.

Abin da ya zaunar da ni shi ne karatun da muka taso da shi a zaure. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru, lokacin da ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Ya kuma koyar da a raba ciki uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Idan akwai abin da malamanmu suka ce a yi fama da shi, son zuciya ne, ba jikin da aka ba mu amana ba. Ni yanzu kamar gona na ɗauki abin, wadda ba a nome ta sau ɗaya a ce an gama da ita har abada.

Uwargida daga Sabon Gari

Baba na Wusasa, na karɓi gyaranka, kuma da shugabarmu ta san yaƙi irin sanin da ka yi masa, wataƙila da ban yi watanni ina wasan ɓuya da surukata ba. Amma ina da tambaya gare ka da kuma Anti ma'aikaciyar jinya. A unguwarmu idan azumi ya kama, kafin a kira magariba kwanukan maƙwabta sun cika tsakar gida, ƙosai da kunun tsamiya da alale da soyayyen dankali, kuma kowace mai aikowa za ta tambayi yaro ko na ci. Ku da kuke da ciwon sukari ko kuke kula da masu shi, yaya kuke yi da wannan ciyayya ba tare da kun ɓata wa kowa rai ba?