Tafiya Paris a watan Yuli: me zan zuba a akwati?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan'uwa. In Allah ya yarda farkon watan Yuli zan raka maigida Paris, yana da taro na wurin aiki. Ban taɓa zuwa Turai ba. Ina so in fita fes cikin mutunci, kada kuma in kwashi kayan da ba zan sa ba. Waɗanda suka san garin a taimaka min da shawara.

Anti Balki: Wa alaikumus salam, Allah ya kai ku lafiya. Fara cire tunanin sanyi daga ranki. Yuli tsakiyar lokacin zafinsu ne. Da rana yakan kai digiri 25 ko 26, in zafi ya taso kuma ya haura 35. A ranar 25 ga Yulin 2019 sai da ya kai 42.6 a Paris ɗin. Kada ki ce ai kin saba da zafin Kano, can yawancin gidaje da ƙananan otal-otal ba su da esi, wasu layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa ma haka. Saboda haka auduga da lilin da boyel mara nauyi. Baƙar abayar nan ta roba ki bar ta a gida, dafa ki za ta yi.

Zee Kaduna: Ni dai shawarata kada ki ɗinka komai. Ki tafi da kala biyu, in kin isa ki shiga Zara ko Uniqlo ki sayi dogayen riguna da wando mai faɗi. Kin ma yi sa'a, ragin farashinsu na bazara yana farawa ƙarshen Yuni, yana yin sati huɗu. Atamfa a titin Paris sai kowa ya gane ke baƙuwa ce.

Hadiza 'yar Damagaram: Zee, a nan kam ban bi ki ba. A Paris nake zaune, ina karatu, kuma babu ranar da zan shiga metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, ban ga mace cikin atamfa ko shadda ba. 'Yan Mali da Senegal da Kodebuwa da mu 'yan Nijar mun cika garin. Ki sauka tashar Château Rouge a layi na 4 ki gani, shagunan atamfa ne da teloli jere da juna. Ba mai juyowa ya kalle ki don kin sa atamfa, in ma an kalla to yabo ne zai biyo baya.

Abin da zan ce wa Maman Ilham shi ne a kula da irin ɗinkin. Ki ce wa tela ya yi miki doguwar riga mai sauƙi, ba shafi mai kauri a ciki, ba dutse, ba dogon jela. Tsawonta ya tsaya a idon sawu, don matattakalar metro da yawa ce kuma ba ko'ina take da tsabta ba. Siket ɗin nan mai matse gwiwa ba zai bar ki ki hau bene ba. Matan garin nan kwalliyarsu ba ta da hayaniya: kala ɗaya ko biyu, kaya ya zauna a jiki daidai, shi ke nan. To in atamfarki mai zane ce sosai, sai mayafi da takalmi da jaka su zama masu kala ɗaya shiru, kamar ruwan madara ko ruwan ƙasa.

Maman Ilham: Na gode ƙanwata. Leshi fa? Ina da wani sabo da ban taɓa sawa ba.

Anti Balki: Ɗaya tak, in akwai liyafar dare a taron nasu. Leshi da gezna mai sitaci suna cin kilo, kilo 23 ɗin nan na kayan shiga jirgi kuwa ba ya da wuyar cika. Ga yamutsewa, sai kin bi ma'aikatan otal kina neman dutsen guga.

Hajiya Umma: 'Ya'yana duk kun yi maganar tufafi, ba wadda ta taɓo ƙafa. Paris garin tafiyar ƙasa ne. Unguwanni irin su Montmartre titunansu da duwatsu aka shimfiɗa, takalmi mai tsini maƙalewa yake a tsakani. Hawa zuwa cocin Sacré-Cœur ta titin Foyatier matakala 222 ne, sai dai in ta shiga ɗan jirgin da ke jan mutane zuwa sama. Ta nemi kambas mai laushi, ta fara sa shi tun yanzu a gida har ya saba da ƙafarta, kada ta buɗe sabo a can. Sannan lambun Tuileries da na Versailles farar ƙura ce a ƙasa, baƙin takalmi da bakin doguwar riga duk sai sun yi futu-futu.

Zee Kaduna: Gaskiya ne Hajiya. Farin kambas da doguwar riga ma shi ake yayi, yana kyau a hoto.

Hadiza 'yar Damagaram: Akwai magana mai muhimmanci, Anti ko kina sa niƙabi?

Maman Ilham: Ina sawa in zan shiga kasuwa, amma ba kullum ba.

Hadiza 'yar Damagaram: To a nan kada ki sa. Tun watan Afrilun 2011 dokar Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a, tarar tana kaiwa Yuro 150. Hijabi da mayafi da abaya kuwa ba wanda ya hana ki a titi ko shago ko gidan tarihi. Hanin abaya da aka yi a 2023 na ɗaliban makarantun gwamnati ne, bai shafe ki ba. Na faɗa ne don mutane a gida suna haɗa su wuri guda, har wasu su tsorata su ce za su cire ɗankwali. Ki yi shigarki ta mutunci hankali kwance. Sai dai babban hijabi har ƙasa zai wahalar da ke a zafi da ƙofofin metro, gara gyale mai faɗi da za ki naɗa ki kama da fil. Na auduga ya fi, mai santsi iskar saman hasumiyar Eiffel za ta yi ta fizge miki shi. Ki kuma jefa hijabin salla mara nauyi a jaka. Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, yana da wurin mata, ga lambu mai kyau da wurin shan shayi a gefe.

Anti Balki: Ƙarin bayani kan dare. Rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 10, to kayan da kika sa da safe da su za ki kai magariba. In kuka shiga jirgin ruwa a kogin Seine da dare akwai sanyi-sanyi, ki riƙe 'yar suwaita ko jaket mara nauyi. Ƙaramar lema ma, ruwansu ba ya sallama. In kuna nan har 14 ga wata, ranar bikin ƙasarsu ce, cunkoso ba a magana.

Maman Ilham: Shi maigidan fa? Ya dage sai ya tafi da manyan kaya.

Hajiya Umma: Babbar riga ɗaya ta ishe shi don Juma'a ko liyafa. Sauran kwanaki kaftani mai tsaya wa gwiwa na yadi mara nauyi, da hularsa. Ki sa masa hular a tsakiyar akwati, ki cusa safa a cikinta don kada ta lotse. Wurin taro kuma ya tambayi waɗanda suka gayyace shi ko kwat ake so.

Zee Kaduna: Jaka kuma mai zif wadda ake ratayawa ta gaba. Masu yankan aljihu suna nan a metro da kewayen Eiffel. Gwala-gwalai a bar su a gida, ɗan kunne ƙarami ya isa. Na yarda da Hadiza kan atamfa, amma ki bar wuri a akwati. In kika yi sayayyar da ta haura Yuro 100 a shago ɗaya, ki nuna fasfo su ba ki takardar maido da haraji, sai ki tantance ta a filin jirgi kafin ki ba da kaya.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Gobe zan shiga Kantin Kwari in nemi boyel da atamfa biyu. Hadiza, don Allah turo min hoton irin ɗinkin da kike nufi in nuna wa tela.

Hadiza 'yar Damagaram: Zan turo da yamma in na dawo daga makaranta. Ki ce ya sa aljihu a gefe biyu, ya kuma saki hannun rigar yadda za ki iya naɗe shi wajen alwala.