Capsule ba kafso ba ne, to me za mu ce masa?

Salamu alaikum jama'a. Kalma ɗaya nake nema, kuma ina son ta kafin Litinin.

Ƴar yayata tana karatun aikin lafiya a nan Damagaram. An ce kowane ɗalibi ya haɗa abin da masu Faransanci ke kira capsule vidéo, wato ɗan gajeren bidiyo na minti 2 ko 3 wanda mai bincike ke faɗa wa mutanen gari abin da ya gano, da harshen da suke ji. Nata a kan saƙon tuni ne da ake tura wa uwaye a salula kafin ranar rigakafi. Daren jiya tana gwaji a tsakar gida, ta jingina wayar da buta, ta gyara lulluɓi ta fara: "A cikin wannan kafson zan yi muku bayani…" Inna tana kan tabarma tana ɓarar gujiya. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kafin abinci ake sha ko bayan abinci?" Muka yi ta dariya har yarinyar ta tattara wayarta ta shige ɗaki.

Amma Inna ba ta yi kuskure ba. A bakin Bahaushe kafso na haɗiya ne, irin wanda mai tallar magani ke yawo da shi a tire. A zancen lafiya kuwa ba a wasa da irin wannan ruɗani. Me za mu ce? Ga amsoshin da aka ba ni, da abin da na mayar.

Wani mushe (malamin boko), Sabon Gari: Tsakure mana. Gidajen rediyo sun daɗe suna amfani da shi.

Ni: Mushe, na yi tunaninsa. Sai dai tsakure daga jikin wani abu ake tsakuro shi, kamar a yanko minti ɗaya daga dogon wa'azi. Wannan kuwa da kansa da ƙafarsa yake zuwa. Dubi gasar nan ta Ma thèse en 180 secondes, wadda aka samo daga wata gasa da Jami'ar Queensland ta Ostareliya ta fara a 2008: ɗalibi ya yi shekaru yana bincike, a ba shi daƙiƙa 180, wato minti 3, da hoto ɗaya tak. Ba shafi yake yankowa ya karanta ba, sabon zance yake ginawa.

Wani ɗan jarida: Ku daina wahalar da kanku. Bidiyon wayar da kai. Shi ke nan.

Ni: Yaya, a nan ne zan yi maka gardama. Wayar da kai da faɗakarwa mun riga mun ba sensibilisation, kuma sun zauna daram. Mai faɗakarwa umarni yake bayarwa: ku kwana cikin gidan sauro, ku ba yara maganin masassara na damina kowane wata. Mai bincike ba haka yake magana ba. Cewa yake: mun gwada kaza, a wuri kaza, ga abin da ya fito, ga inda bai yi ba. Idan muka sa musu riga ɗaya, mai kallo zai ɗauki sakamakon gwajin ƙauye biyu a matsayin doka daga ma'aikatar lafiya.

Wani malami, Garin Malam: Ɗana, abin da kuke nema yana gabanku. Fashin baƙi. Almajiri ya iya babbaƙu, ya iya farfaru, ya haɗa baƙi ya karanta, amma ma'ana sai malam ya fasa masa. Takardar likitoci ga wanda bai yi boko ba, baƙi ce da ba a fasa ba.

Ni: Allah ya gafarta Malam, wannan ta shige ni. Sai dai ina ganin ta fi dacewa da sunan aikin, abin da suke kira vulgarisation, wato sauƙaƙa wa jama'a ilimi. Kalmar da ban taɓa so ba ma, don tushenta na Latin yana nufin gama-garin mutane, kamar mai ilimi ne ke sunkuyowa. Fashin baƙin bincike ya fi ta mutunci nesa ba kusa ba. To amma shi ɗan bidiyon fa, wanda za a tura a WhatsApp?

Wata ungozoma, Mirriya: Ƙanena, bari in ba ka daga wajen aiki. A nan yankinmu ƙungiyoyin agajin lafiya ALIMA da BEFEN suka gwada koya wa uwaye awon damtsen ƴaƴansu da ɗan zaren nan mai launi uku. Kore lafiya, rawaya a kula, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, a garzaya likita. Aka ga uwa tana iya awon kamar yadda ma'aikacin unguwa ke yi. An buga sakamakon da Ingilishi a mujallar likitoci, amma abin da ya dawo hannun mata shi ne zaren, yanzu ga shi har a wasu ƙasashe. Wasu kuwa, ba zan kama suna ba, sun zo da manyan wayoyi sun yi mana tambayoyi har rana ta take, suka dangwala amsoshi suka shiga mota. Wata tsohuwa ta ce mini, "Mutanen nan sun tafi da zancenmu, ko tsaraba." Ni dai tsaraba nake ce masa. Ka yi tafiya, ka dawo wa na gida da abin da ka samo.

Ɗan jaridan: Hajiya, ki ce tsaraba a ƙauye ki ga layi. Sabulu za su zata, ko gidan sauro.

Ungozomar: Shi ya sa ba tsirara za a bar ta ba. Tsarabar bincike. Ai da "tsarabar Juma'a" ake tura wa'azi a waya, ba wanda ya taɓa miƙa hannu.

Ni: Na tsaya a nan. Akwai abin da ke cikin tsaraba da babu a capsule: hakki. Bature girman abin ya duba ya raɗa masa suna, ɗan ƙarami mai ƙunshe da magani. Tsaraba tana faɗin wanda ake bin bashi. Kuma tsaraba ba ta cika buhu, daidai aljihu ake yin ta, wanda ya dace da mu da ke sayen megas na intanet na dala ashirin muna tura bidiyo daga waya zuwa waya ta manhajar Xender.

Inda nake ɗan tsoro, ba a kushe tsaraba a gaban mai kawowa, alhali bincike so yake a tuhume shi. Na ce wa yarinyar ta rufe da inda gwajin bai kai ba: uwaye da yawa wayar ta maigida ce, saƙon kuma a rubuce yake, wadda ba ta karatu sai ta nemi mai karanta mata.

Mushen: To santé numérique fa, wato amfani da salula da kwamfuta a aikin lafiya? Kun tsallake shi.

Ni: Da gangan, Mushe. "Kiwon lafiya ta salula" ya ɗauki saƙon tuni, amma bai ɗauki DHIS2 ba, manhajar Jami'ar Oslo da ake shigar da alƙaluman gidajen likita a cikinta. "Lafiyar zamani" kuma kishiyar maganin gargajiya za a ji. Wannan zaman daban ne.

An sake ɗauka bayan la'asar. "Ga tsarabar bincike na kawo muku," in ji ta. Inna ta ajiye gujiya ta ce a matso mata da wayar, ba ta gani daga nan.